Neman shawara: in bar neman kwastoma in koma sashen bin doka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 7 ina aiki a wani banki a Kano, ɓangaren nemo kwastoma. Yanzu an yi mini tayin komawa sashen da ke tabbatar da bankin na bin dokokin Babban Banki. Albashin ɗaya ne, amma alawus ɗin da nake samu in na kawo kuɗin ajiya zai tafi. Burina tun ina jami'a in zama mai binciken bankuna a Babban Bankin, wato CBN, ko a NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna. Hajiyarmu ta ce kada in saki reshe in kama ganye. Me kuke gani?

Dattijo mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Ki karɓa. Aikin mai bincike shi ne ya buɗe fayil ɗin bashi ya gane wanda ba zai dawo ba tun kafin ya ruɓe, kuma ba a koyon wannan a yawon kasuwar Kwari. Dubi Sanusi Lamido Sanusi. Ta sashen kula da haɗarin bashi ya taso a UBA da First Bank. A Yunin 2009 ya zama gwamnan CBN, a Agusta ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada kuɗin jama'a ya salwanta. Idon da ya hango ɓarnar, a kan fayil aka horar da shi.

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Baba ya faɗi gaskiya, amma ƙanwata ki lissafa kuɗin makarantar yara tukuna. Kuma ki sani za ki yi baƙin jini. Ranar da na ƙi sa hannu a takardar wani babban kwastoma, wata biyu manajana bai amsa gaisuwata ba. In kujerar shugaban banki kike hari, a ganina masu kawo kuɗi sun fi saurin kaiwa.

Wani ɗan uwa daga Abuja: Yaya, lokacin ma ya dace. A Maris 2024 CBN ya ɗaga mafi ƙarancin jarin da banki zai mallaka: naira biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, 200 ga na ƙasa baki ɗaya, 50 ga na shiyya. Zamanin da Soludo ke gwamnan CBN, da aka kai jarin biliyan 25, bankuna 89 sun koma 25, kuma wanmu na cikin waɗanda haɗewar bankunan ta raba da aiki. Don haka ki rubuta jarabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, sannan ki karanci dokar bankuna ta BOFIA ta 2020 da ƙa'idojin banki marar ruwa irin Jaiz.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi istihara, in zauna da maigida da Hajiya ranar Juma'a, amma zuciyata ta karkata ga karɓa. Baba, don Allah da wane ɓangare na BOFIA zan fara?