Yaran yanzu ba sa shiga ƙungiya, ya za mu yi?

Ɗan Naraguta:
Salam jama'a. Ƙungiyarmu ta ɗaliban jiha a Unijos (Jami'ar Jos) ta fara mutuwa, mun kafa tebur a harabar jami'ar da ke Bauchi Road lokacin rajista mun raba fom amma 'yan aji ɗaya ko kallo ba mu ishe su ba. Don Allah a ba mu shawara.

Maman Ikram:
Ƙanena tebur da fom ai zamaninmu ne. Ko a Amurka ƙungiyoyin nan na ɗaliban jami'a, fraterniti na maza da sororiti na mata, masu sunan haruffan Girka, da suka faro tun 1776, sun canza salo, a 2021 'yan matan jami'ar Alabama suka cika TikTok da bidiyon makon ɗaukar sabbin mambobi. Ku buɗe guruf a WhatsApp, ku nuna musu abin da za su samu, tutoriyal, tsoffin tambayoyin jarabawa, taimakon neman hostel, yaro mai fama da kuɗin makaranta ba zai biya kuɗin ƙungiya don a ci shinkafa ƙarshen shekara ba.

Ɗan Rikkos:
Hajiya gaskiya ne amma akwai tsoro kuma. Ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates da su Wole Soyinka suka kafa a jami'ar Ibadan a 1952 ba don ta'addanci ba ne, daga baya wasu suka ɓalle abin ya koma kultizim, wato ƙungiyoyin asiri, shi yasa iyaye ke gargaɗi tun daga gida. Ku yi komai a fili da rana, ku gayyaci lakcara.

Ɗan Naraguta:
Na gode Yaya. Kuɗin rajistar fa, mu soke shi gaba ɗaya ne a zangon farko?