Na sauke kayan adon Kirsimeti, yanzu surukuwata ba ta amsa gaisuwata

Maman 'Yan Biyu: Salama a gare ku 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Shekara shida da aurenmu. Mahaifina fasto ne, kuma a gidanmu ranar 27 ga Disamba ake kwashe komai a mayar kwali, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi. Maigidana ɗan Katolika ne amma ba ruwansa da irin waɗannan. Bana Mama, mahaifiyarsa, ta zo mana tun farkon Disamba. Ni ke kai ta asibiti saboda gwiwa, ni ke shafa mata magani, ɗakin yara ma na ba ta, ba gori nake yi ba. To ranar 2 ga Janairu ɗaya cikin 'yan biyu ya jawo wayar fitilu, bishiyar ta kusa faɗo masa. Nan take na kwashe komai. Mama ta dawo daga coci ta tarar da falo wayam. Tun ranar in na gaishe ta sai ta kau da kai. Ga shi ƙanin maigida zai zo ranar 6 da matarsa, 'yar Habasha ce. Maigida ya ce in mayar. Yau 4 ga wata. Wai wace rana ce daidai?

Matar Fasto: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Matiyu da Luka ba su faɗi ranar haihuwar Yesu ba, balle ranar sauke bishiya. Ni tawa surukuwar har labulen falo sai da izininta ake canzawa, shekara goma sha ɗaya ina haƙuri, ɗanta ko uffan. Kada ki mayar, in kin yi sau ɗaya kin shiga ke nan.

Baba Katikis: 'Yata, kin yi gaggawa, gaskiya ɗaya ce. Kirsimeti ba yini ɗaya ba ne. Daga 25 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu kwana 12 ne, sannan ranar 6 a yi bikin Bayyanuwa, zuwan masanan taurari daga gabas. A Katolika lokacin bai ƙarewa sai an yi bikin Baftismar Ubangiji, Lahadin da ke bin 6 ga wata. Haka tsarin yake tun gyaran kalandar coci na 1969. Bishiyar da ake kafawa a dandalin Bitrus a Batikan, wadda aka fara a 1982 zamanin Fafaroma John Paul na biyu, sai an kai wannan bikin ake sauke ta. Tsofaffi kuwa irin Mamanku da yawa suna jira har 2 ga Fabrairu, kwana 40 cif, ranar da aka miƙa Yesu a Haikali, Siman ya rungume shi. Ki buɗe Luka 2 ki gani. A Polan har yau akwai gidaje da majami'u masu jiran wannan rana. Ke a kwana na tara kika tsinke abin.

Maman 'Yan Biyu: Baba na gode, amma yaro ne fa ya kusa jin ciwo. Da ya ji, wa za a zarga?

Yaya Babba: A Ingila cewa ake yi in kayan ado suka wuce dare na goma sha biyu rashin sa'a ne, su ma ba su daidaita ko daren 5 ne ko na 6 ba. A Suwidin sai 13 ga wata. Kowa da kiɗan da ya karɓe shi. Ni nawa har Ista suna rataye, matata ta gaji da magana.

Baba Katikis: Wannan camfi ne, ba koyarwar ikkilisiya ba. Kuma 'yata, baƙuwarku 'yar Otodoks ce, su duka ranar 7 ga Janairu suke Kirsimeti. Kalandar Juliyas suke bi, tana bayan tamu da kwana 13, don ba su karɓi gyaran Fafaroma Girigori na 1582 ba. Za ta shigo gida a jajibirin bikinta ta tarar an share.

Anti Malama: Baba, a yi mini afuwa, ba duka ba ne. Cocin Girka da na Romaniya ranar 25 ga Disamba suke yi, babban cocin Otodoks na Yukiren ma ya koma 25 a 2023. Armeniyawa kuma ranar 6 suke haɗa haihuwa da baftisma. Rasha da Sabiya da Kibɗawan Masar da Habasha ne ke kan 7, kuma Habasha da Kibɗawa kalandarsu ta kansu suke bi. Ƙanwata, abin da ya kamata ki sani shi ne matar nan tana iya zuwa da azumi, sama da kwana 40 suke yi ba nama ba madara kafin bikin da suke kira Genna. Babban shagalinsu ma Timkat ne, bikin baftismar Yesu, 19 ga Janairu. Ki tambaye ta abin da za ta ci, ya fi bishiya amfani.

Baba Katikis: Ai abin da na faɗa ke nan.

Anti Malama: Ke tsaya. Da kika ce kin kwashe komai, har da me?

Maman 'Yan Biyu: Har da ɗan komin dabbobi da mutum-mutumin Maryamu da Yusufu da Mama ta zo da su. Na marigayi Baba ne, mahaifin maigida. Amma fa a hankali na naɗe su cikin tawul, ko ɗaya bai karye ba. Jiya maigida yake gaya mini wai masanan taurari uku suna cikin jakarta, tana jiran ranar 6 ta jera su tare da jikoki. To ni ya za a yi in sani? Ba wanda ya gaya mini.

Anti Malama: Kash. To ai ba kwanan wata ba ne damuwarta. Fito da komin ki ɗora a kan kabad inda hannun yara bai kai ba, bishiyar ta zauna a kwali, ki durƙusa ki ba ta haƙuri.

Matar Fasto: Haƙurin me? Gidan wa? Haka aka ce mini nima shekarar farko.

Baba Katikis: A mayar da komai, har bishiyar, zuwa 2 ga Fabrairu. Rabi da rabi ba gyara ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Ni ban ƙi ba da haƙuri ba, amma ita ma ai ta ga yadda yaron ya tsorata, ko sannu ba ta ce masa ba. Kwalin ma yana can saman silin, sai maigida ya dawo. Kuma har yanzu ba wanda ya ba ni rana ɗaya, wannan ya ce 6, wannan ya ce Fabrairu.

Yaya Babba: Ku da kuke sauke naku da wuri, ya kuke naɗe wayar fitilun ba ta cukurkuɗe ba?