Saura kwana tara in koma tsibiri, zuciyata ta ƙi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Ni ɗan Badarawa ne, ma'aikacin jinya. Shekara biyu da wata uku ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Malta, tsibirin nan da ke tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Italiya da Libiya. Yanzu haka ina Kaduna hutu, saura kwana tara in koma, kuma tun da satin nan ya kama barci ya ƙaurace wa idona.

Kada a ɗauka wulaƙanta ni ake yi. Albashi na shiga a kan kari, da shi na canza wa Umma kwanon ɗaki, da shi ƙannena biyu ke karatu. Wurin ne kansa ya ishe ni. Ƙasar kakaf, har da ƙananan tsibiranta, murabba'in kilomita 316 ce. Babban tsibirin da nake ciki tsawonsa kilomita 27, faɗinsa bai cika 15 ba, wato bai kai rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba, kuma mutum fiye da rabin miliyan ne a cushe a ƙasar. Gari na manne da gari, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina. Duk motar da ka hau, ƙarshenta ruwa.

Wani dare na tashi daga aiki ƙirjina kamar an ɗora min dutse. Na hau bas na ce ba zan sauka ba sai inda ya ƙare. Ya dire ni a tashar jirgin ruwan da ke zuwa Gozo, ɗaya daga ƙananan tsibiran ƙasar, can ƙarshen arewa. Na dafa ƙarfen bakin ruwa, iska mai gishiri na dukan fuskata, gabana baƙin ruwa ne kawai da fitilun tsallake. Na fi minti talatin a tsaye. Sannan na juya na hau bas ɗin da ya kawo ni, domin babu gaba.

Shekaranjiya kuma na raka wana Zariya. Muna wuce Jaji ƙasa ta buɗe, gonakin dawa sun yi kai har iya ganin ido, ga garken Fulani can nesa yana tada ƙura. Na ce masa ya tsaya. Na tsallaka kwalbati na shiga cikin dawar, na kama zangarniya ɗaya a hannuna, sai ga hawaye. Wana bai ce komai ba, ya kashe mota ya jira ni.

Saura wata tara kwantiragina ya ƙare. In koma in ƙarasa, ko in haƙura in zauna gida? Umma ta ce duk wanda na zaɓa Allah ya yi albarka, amma na ga yadda ta sunkuyar da kai da ta faɗa. Akwai wanda ya taɓa zama a wuri irin wannan? Da me ya yi maganin ƙuncin?

Wani matashi, Rigasa:

Yaya, Allah ya yaye maka. Amma don Allah ka dube mu. Shekarata huɗu da gama karatu, takardu na cikin leda a ƙarƙashin katifa, Keke Napep nake ja na wani. Faɗin garin nan da kake kewa, ni kullum ina zagaya shi daga Rigasa har Kawo, kuma bai hana ƙirjina ƙunci ba. Wata tara kamar gobe ne. Ka koma.

Hajiya, Unguwar Rimi:

Ɗana, ban taɓa ganin teku ba, amma na san abin da kake faɗa. Da mahaifin yarana ya rasu na yi takaba, wata huɗu da kwana goma, a gida mai ɗaki biyu da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ni da na saba kullum ina Kasuwar Barci wajen sarin atamfa. Watan farko ji nake katanga na matsowa. Har takun tsakar gidan na ƙirga, goma sha ɗaya ne daga bakin rijiya zuwa zaure.

Daga baya na lura duk ranar da na tashi ina lissafin kwanakin da suka rage, ranar ta fi kowace tsawo. Sai na daina. Na sa aka kawo min tsofaffin bokitan fenti guda uku, na zuba ƙasa da taki, na shuka rama da yakuwa da tattasai. Da asuba bayan na idar da salla sai in je in duba wanne ya fito da sabon ganye. Za ka ce wannan ƙaramin abu ne, kuma ƙaramin ne, amma a gidan da komai ya tsaya cak, ka ga wani abu yana motsi yana girma, wallahi yana rage nauyi. Kuma maƙwabta suna shigowa, ba a bar ni ni kaɗai ba. Shi ya sa nake son in tambaye ka: kai wa ke shigo maka a can? A duk bayanin da ka yi ka ambaci bas, ka ambaci ruwa, ka ambaci albashi, ba ka ambaci mutum ko ɗaya ba.

Maganar Ummanka kuwa, ni ma uwa ce. Sunkuyar da kan nan ba lallai don kuɗi ba ne. Mai yiwuwa ramar da ta gani a wuyanka ce. Ka zauna da ita ku biyu bayan isha'i, ka faɗa mata abin da ka faɗa mana.

Tsohon direba, Kawo:

Ƙanena, na yi shekara uku ina tuƙi a Bahrain, ita ma tsibiri ce. Abin da ya riƙe ni gada ce, wadda ta haɗa ta da Saudiyya, kilomita 25, tun 1986 aka buɗe ta. Ba kullum nake hawa ba, wani lokaci sai in yi wata biyu ban tsallaka ba. Amma sanin cewa tana nan, in na so zan fita, shi ya sa nake barci. Tsuntsun da aka bar wa ƙofar keji a buɗe ba ya dukan ƙarfe da fiffike. Ka nemo taka ƙofar tun kafin ka tashi daga Kaduna.

Wata 'yar'uwa da ta yi karatu a Italiya, Malali:

Yaya, ƙofar da Baba direba yake faɗa kana da ita, wataƙila ba ka taɓa murɗa ta ba ne. Malta na cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun 2007. Wanda ke riƙe da katin izinin zama mai rai da fasfo mai rai yana iya shiga sauran ƙasashen yankin ziyara har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ba sai da biza ba. Ziyara dai, ban da aiki. Ka tabbatar katin da kansa yana hannunka, kada ka yi tafiya lokacin da ake sabunta shi.

Sisili ta ƙasar Italiya na arewa da ku, tazarar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma akwai jirgin ruwa mai gudu da ke zuwa garin Pozzallo na can cikin ƙasa da awa biyu. E, ita ma tsibiri ce, amma ta ninka Malta kusan sau tamanin. Akwai jirgin ƙasa, akwai gonakin alkama da lemo da zaitun, akwai dutsen Etna mai aman wuta da ya haura mita 3,000. Za ka zauna a taga awa uku ƙasa na wucewa, irin yadda ake ji a jirgin Rigasa zuwa Idu ta Abuja. Na taɓa yi da hutun kwana biyu kacal, na dawo kamar an wanke min ƙirji.

Shawarata ka sayi tikitin tun yanzu, ka sa ranarsa bayan sati shida da komawarka. Ka ware kuɗinsa a lissafin wata kamar yadda kake ware na haya. Na san za ka ce kuɗin nan gida ya fi buƙatarsa. In ka kwanta ciwo, gida ba zai samu ko sisi ba.

A cikin Maltar ma, ranar da ba ka da aiki ka guji bakin ruwan da masu yawon buɗe ido ke cika. Ka nufi tsaunukan Dingli a yamma, wajen mita 250 sama da teku, ka bi ta Buskett inda ake da itatuwa. Lokacin sanyi bayan ruwan sama wajen yana yin kore shar.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:

Abokin aiki, kai ma ka san abin da zan faɗa, amma mai jinya shi ne ƙarshen zuwa a duba shi. Kewar gida daban, ciwon damuwa daban, ko da yake suna kama. In an yi sati biyu ko fiye kullum zuciya a dagule, abin da kake jin daɗinsa da ya daina burge ka, barci ya lalace, cin abinci ya canza, to maganar ta wuce faɗin ƙasa. Ka tambayi kanka: da ka zo gida satin farko, ka warware ko kuwa nauyin ya biyo ka? In ya biyo ka, ko Kaduna ka zauna yana nan.

Ga aikin dare kuma, ga lokacin da za ka koma: ranaku gajeru, kafin biyar na yamma rana ta faɗi, ɗakuna da sanyi da danshi. Wanda ya kwana aiki ya wuni barci sai ya yi sati bai ga rana ba. Ka roƙi a rage maka jerin dare in da hali, kuma ka riƙa fita hasken safe ko na minti ashirin ne.

Kana da kwana tara. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, ka je a saurare ka, ba abin kunya ba ne. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, ko a wancan daren na bakin ruwa, kada ka bari gari ya waye ba ka faɗa wa wani ba.

Malam, Tudun Wada:

Ɗana, a cikin Suratut Tauba, aya ta 118, Allah ya ba mu labarin sahabbai uku da ba su fita yaƙin Tabuka ba, aka ƙaurace musu kwana hamsin, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta. A Madina suke, cikin gidajensu da gonakinsu. Abin da suka rasa shi ne mai amsa musu sallama. Ba ina kwatanta ka da mai laifi ba ne, ina ƙarfafa tambayar Hajiya ce. Akwai babban masallaci a garin Paola na Malta. Yaushe rabonka da Juma'a a can? Ka yi istihara, ka shawarci mahaifiyarka, kuma ka sani in ka zaɓi dawowa ba ka yi saɓo ba, arziki na Allah ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya buɗa wa ƙanena na Rigasa.

Hajiya, tambayarki ta hana ni sakat tun jiya. Gaskiya babu mai shigo min. Mu huɗu ne a gidan haya, kowa da ƙasarsa da lokacin aikinsa, a bakin firji muke haɗuwa. Wadda na fi hira da ita wata tsohuwa ce da nake jinya, ta haura tamanin. Harshen mutanen Malta daga Larabci ya samo asali, Ubangiji ma Alla suke ce masa duk da Kiristoci ne, azuminsu kuma Randan. Kullum in na gyara mata filo sai ta riƙe hannuna ta sa min albarka, ina tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya. Ita kaɗai ce na yi kewa tun da na zo. Malam, rabona da Juma'a a Paola tun kafin Babbar Salla, jadawalin aiki ne ya fara hana ni, daga baya ni na saki.

Aunty ta Barnawa, tunanin cutar da kaina bai taɓa zo min ba, alhamdulillahi, amma nauyin ya ɗan biyo ni. Ranar Litinin wana zai kai ni.

Daren jiya na zauna da Umma kamar yadda aka ce. Ta bari na gama tas, sannan ta ce ita kwanon ɗaki bai dame ta ba, ta shekara ashirin tana tara roba a ƙarƙashin yoyo. Ba mu yanke komai ba tukuna. Da safe na tarar ta baza kuka da busasshiyar kuɓewa a faranti tana tsince su, ta ce ko na tafi ko ban tafi ba za a sha miya.

'Yar'uwa ta Malali, in na tashi sayen tikitin Sisilin, a intanet ake saye ko sai na je tasha da katina?