Jama'a, me za mu kira "parish" da Hausa?

Salam. Ina fassara wani ɗan rubutu ne kan ƙauyen Eyam da ke Derbyshire a Ingila, sai kalmar parish ta tsaya min a wuya, na ce bari in kawo ta nan mu yanke mata hukunci tare.

Wani ya ce in sa ikilisiya kawai in wuce. To ai ikilisiya mutane ne, taron masu bi, shi kuwa parish ƙasa ce mai iyaka, da coci ɗaya a tsakiya da limaminta, kuma duk wanda ke zaune cikin iyakar nan ɗan wurin ne ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Ba ma ibada kaɗai ba, a da, bayan dokar 1601, mutanen parish ne ke karɓar haraji su ciyar da matalautansu, gyaran hanya ma a lokacin a wuyansu yake. Mazaɓa kuma da wata ta kawo, gaskiya ba ta shiga ba, da ka ce mazaɓa sai tunanin mutum ya tafi akwatin zaɓe da kansila. Unguwa ta yi kaɗan, don na Eyam ɗin ma ya haɗa har da ƙauyen Foolow.

Ni dai gunduma ta fi kwanta min, gundumar coci. Mun saba da gunduma a matsayin ƙasar da wani ke riƙe da ita, nan kuma limamin coci ne a kai. Sai dai a kula, daga 1894 an raba aikin biyu, aka kafa majalisun ƙauye masu kula da harkar mulki, su ma parish ake ce musu har yau, wannan sai mu ce gundumar mulki don kar a cakuɗa.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne sunan da za a ba littafin da cocin parish ke ajiyewa, wato "parish register". Da yawa kun ce rajistar haihuwa. A'a wallahi, nan ne masu neman salsalar kakanni ke faɗawa rami. A 1538 ne Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne gawa. Ranar baftisma ake rubutawa, ba ranar haihuwa ba, ranar binnewa ba ranar mutuwa ba, yaro zai iya yin makonni ko fiye kafin a kai shi coci. Rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1 ga Yulin 1837 aka fara ta a Ingila da Wales. Kuma da farko a takarda ake rubutun, sai a 1598 aka ce a kwafe a kan fata, masu kwafen da yawa suka fara daga 1558 shekarar da Sarauniya Elizabeth ta hau, shi ya sa na shekarun farko suka ɓace a wurare da dama. Har dokar likkafani ta taɓa shiga ciki, a 1678 aka ce dole a binne mutum da ulu don a raya kasuwar ulun ƙasar, a kawo shaidar rantsuwa, in ba haka ba tarar fam 5.

Littafin Eyam ɗin nan in kana karantawa sai jikinka ya yi sanyi. Annoba ta shiga ƙauyen a 1665 cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan, limaminsu William Mompesson ya shawo kan mutane suka killace kansu kar su kai wa maƙwabta, kusan mutum 260 suka mutu. Elizabeth Hancock ita kaɗai ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas a Agustan 1666. Littafi irin wannan ka kira shi rajistar haihuwa?

Saboda haka ni na tsaya a kan kundin coci, in ana son bayani a ce kundin baftisma da aure da binnewa. Wanda ya fi son rajistar coci shi ma bai yi laifi ba, kalmar haihuwa ce dai a cire. 'Yan'uwa Kiristoci da ke nan, in akwai wadda kuka saba amfani da ita a cocinku ku ajiye mana a ƙasa kafin in miƙa aikin ranar Litinin.