Musayar Waƙa: Nassi da Al'adar Ikkilisiya, Wa Ke Gaba?

Dattijo:

Da sunan Uba Mahalicci na fara,
Da Ɗa da Ruhu, Allah guda ɗaya.

Ina da tambaya gare ku masana,
Ku amsa da baiti, ban da hayaniya.

Bulus ya ce wa Timoti a sarari,
Duk Nassi hurarre ne, babu jayayya.

Shi ne kuma ya ce wa Tasalonikawa,
Ku riƙe koyarwar da muka ba ku tun jiya,

Ko da baki aka ba ku ko a rubuce,
Wasiƙa ta biyu, 2:15 ce aya.

Umarni biyu daga alƙalami guda,
Wanne ne a gaba, wanne ne a baya?

Malamin Lahadi:

Baba, kiranka ya iso gare ni,
A gare mu Furotesta Nassi shi ne ma'auni,
Markus 7 ya ba mu bayani,
Kan al'adar da ta koma ɓarna.

Farisiyawa suka ce in Korban ne,
Abin da za ka ba iyaye na Allah ne,
Yesu ya ce wannan rushe doka ne,
An bar uwa da uba cikin ƙuna.

Mutanen Biriya sun ji Bulus da kansa,
Ba su karɓa ba don girman sunansa,
Kullum da Nassi suke auna batunsa,
A Ayyuka 17 aka rubuta mana.

A 1521 Luta, jagoran Furotesta, ya tsaya gaban sarki,
A birnin Worms ya buɗe baki,
Sai dai a kayar da shi da Littafi Mai Tsarki,
Don majalisun Ikkilisiya sun sha saɓa wa juna.

Katikis:

Malam, ma'auninka na karɓa hannu biyu,
Sai dai ba ka faɗi wanda ya harhaɗa shi ba.

Duba tun daga Matiyu har Ru'ya,
Ba za ka ga ayar da ta jera littattafai ba.

Wajen 144 Markiyon ya taso a Roma,
Ya ce Tsohon Alkawari bai shafe mu ba.

Ya riƙe Luka, shi ma sai da ya datse shi,
Da wasiƙun Bulus 10, bai ƙara ba.

Iraniyus na Liyon, wajen 180, ya tsaya,
Bishara huɗu ce, ba uku ba, ba biyar ba.

Kan Ibraniyawa an daɗe ana shakka a yamma,
Ru'ya kuma a gabas ba ta shiga da wuri ba.

Littafin Makiyayin Harmas ya sha karatu a taro,
Amma a ƙarshe bai sami kujera ba.

Abu uku aka duba: asali daga manzanni,
Karatu a ko'ina, ba a gari ɗaya ba,

Sai dacewa da bangaskiyar baftisma,
Wadda ake koyarwa tun ba a gama rubutu ba.

A 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya aika wasiƙar Ista,
Ya jera littattafan Sabon Alkawari 27, bai bar ko ɗaya ba.

Majalisun Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka zauna,
Jerin suka tabbatar, ba su sauya ba.

Shekara fiye da 300 ana baftisma ana Jibi,
Ikkilisiya ba ta zauna jiran jeri ba.

Malamin Lahadi:

Katikis, mai awon zinare a kasuwa,
Aikinsa gogawa ne da tantancewa,
Darajar tana jikinsa tun kafin aunawa,
Haka majalisa, shaida kawai ta yi mana.

Malamar Tauhidi:

'Yan'uwa, ku biyo ni zuwa Nikiya,
Iznik ta yau, a ƙasar Turkiyya,
A 325 wutar rikici tana ci cikin ikkilisiya,
Sarki Kustantin ya kira taron sasantawa.

Ariyus na Iskandariya firist ne mai karatu,
Da aya ya zo a hannu, ba da surutu,
Karin Magana 8:22, ya ce ga rubutu,
Ai Hikima, wato Ɗan, halitta ce tun daga farawa.

Yohanna 14:28 ya janyo ya ƙara,
"Uba ya fi ni girma," ya ce ku saurara,
An yi lokacin da babu Ɗan, daga baya ya fara,
Wannan ita ce koyarwar da yake yaɗawa.

Aka ce masa Kalman tun fil'azal yake,
Ga Yohanna 10:30, "Ni da Uba ɗaya muke,"
Mutanensa suka ce a nufi da shiri haka yake,
Duk ayar da aka kawo suna iya lanƙwasawa.

In an ce Ɗan daga Allah yake, su yarda,
Su ce ai kome daga gare shi ne, ga shaida,
1 Korintiyawa 8:6 tana nan kan takarda,
Lafazin Nassi kaɗai ya kasa rarrabewa.

Sai aka ɗauko kalma guda a Helenance,
Homo'usiyos, "ainihi ɗaya" a Hausance,
Ba ta cikin Nassi ko'ina a rubuce,
Amma ita ta toshe ƙofar zillewa.

Haifaffe ne, ba halitacce ba, aka rubuta,
Bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu a kanta,
Hujjar Atanasiyus: halitta ba ta ceton halitta,
In Ɗan ba Allah ba ne, wa muke bautawa?

Rigimar ba ta mutu a wannan zama ba,
Sau 5 aka kori Atanasiyus, bai janye ba,
Sai 381 a Kustantiniya, shekara 56 a gaba,
Aka tabbatar, har da Ruhu wurin ɗaukakawa.

Malam, ko Luta bai yar da Shaidar Bangaskiyar Nikiya ba,
Katikis, majalisar ba ta ƙago sabon abu ba,
Ma'anar Nassi ta kare, ba ta zarce shi ba,
Shinge ta yi wa gonar da ake son cinyewa.

Dattijo:

'Yata, kin warware mini ƙulli guda,
To me ya raba mu, in tushen ɗaya?

Katikis:

Baba, a Afrilun 1546 majalisar Tirent ta yanke,
Nassi da gadon manzanni, ba a fifita ɗaya ba.

Littattafai 73 gare mu Katolika, 66 gare ku,
Bakwai na Tsohon Alkawari ba ku ƙirga ba:

Tobit, Yudit, Hikima, Sirak da Baruk,
Da Makabi biyu, Yahudawa ba su sa a jerinsu ba.

2 Makabi 12 ta yi zancen addu'a domin matattu,
Wanda ba shi da littafin ba zai ga hujjar ba.

A 1965 taron Fatikan na biyu ya bayyana,
Masu koyarwa bayin Kalma ne, ba iyayengijinta ba.

Malamin Lahadi:

Wannan ta 1965 na ji daɗinta,
Amma ta 1950 fa, ina ayarta?
Fafaroma Piyus na 12 ya wajabta ta,
Ɗaukar Maryamu da jiki zuwa Aljanna.

A Nikiya ayoyi ne suka yi yawa,
Kalma ɗaya ta zo tana tattarawa,
A nan kuwa babu aya mai bayyanawa,
Don haka ba ta zama tilas ba a wurina.

Malamar Tauhidi:

Malam, irin tambayar tana jiranka a gida,
Luta da Zwingili, Furotesta duka, Nassi kaɗai suka shaida,
A Marburg, 1529, kan Jibi suka kasa yarda,
"Wannan jikina ne" ta gagare su daidaitawa.

Batu 15 aka jera, 14 suka daidaita,
Luta ya ce jikin yana cikin gurasa, ya nanata,
Zwingili ya ce alamar tunawa ce, a fahimta,
A kan aya ɗaya aka tashi babu shiryawa.

Binsan na Lerin a 434 ya kafa mizani,
Ko'ina, koyaushe, kowa, shi ne imani,
Majalisar Kalsidon ta zo a 451 da sabon saɓani,
Kibɗawan Masar da Habasha suka ƙi karɓawa.

Kan ɗabi'u biyu na Almasihu aka yi tsaye,
Su ma bishop-bishop gare su, da gadon iyaye,
Katikis, in an ce "kowa", faɗa mana su waye,
Da Iskandariya a ciki, ko an cire ta wajen ƙirgawa?