Muhawara: Shin auduga za ta iya kare kanta ba tare da feshi ba?

Malam Isiyaku, Mai Wurno: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne Allah ya hore wa kowane tsiro makaminsa, kuma yawan feshi ne ya lalata noman auduga a Jazira, babban yankin noman ban-ruwa na ƙasar Sudan. Ku duba baƙaƙen ɗigon da ke jikin ganyen auduga da irinta, guba ce a cikinsu mai suna gosifol, wadda ke hana tsutsa girma. A ƙasar nan ne kuma wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a 1959 cewa fara ta cinye duk wani kore amma ta bar dogonyaro.

Hajiya Rabi, Wad Madani: Allah ya gafarta Malam, labarin dogonyaro gaskiya ne, domin sinadarin da ke cikinsa yana kashe wa ƙwaro sha'awar ci, yana kuma hana shi saɓa. Sai dai ba a noman dogonyaro a hawasha, wato gonar da ake ba manomi a Jazira. Tsutsar ƙwallon auduga ta saba da gosifol, tana ci tana ƙiba. Ko tumfafiya, duk da farin ruwanta mai guba, akwai baben da ke kiwo a kanta, har ya adana gubar a jikinsa don tsuntsaye su ƙyale shi.

Malam Isiyaku: To, Hajiya, me ya kawo annobar farin ƙuda a ƙarshen shekarun 1970, har asala, wato ruwa mai danƙo da ƙudan ke fitarwa, ta manne auduga, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya?

Usman, Sinnar: Baba Malam, a wannan kuna da hujja. Feshin da aka yi ta maimaitawa da jirage ya hallaka ƙananan zanzaro da ke saka ƙwai a jikin 'ya'yan farin ƙuda, shi kuwa ƙudan ya daina jin magani. Bincike a kan masara da auduga ya nuna cewa idan tsutsa ta ciji ganye, tsiron yakan fitar da wani ƙamshi da ke janyo irin waɗannan zanzaro, saboda haka wanda ya kashe su ya raba tsiron da mataimakansa. Amma ban yarda cewa makamin tsiro ya isa shi kaɗai ba. Auduga mai gashi a ganye tana tsira daga jasid, wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ruwan ganye, amma kuma wannan gashin ne yake ba farin ƙuda mafaka.

Hajiya Rabi: Abin da nake nufi ke nan, ɗana. Manomin da ya ci bashi ya yi shuka ba zai zauna yana jiran zanzaro ba alhali furanni suna zuba.

Malam Isiyaku: Ban ce ya zauna ba. Na ce ya shiga gona ya ƙirga ƙwarin da ke ganye, kada ya taɓa magani sai sun kai yawan da zai jawo asara.

Usman: Idan haka ne, Baba, kun sauka daga maganarku ta farko, saura mu san wanda zai koya wa manomi wannan ƙirgen.