Gawayi nawa ake buƙata don tace kilo ɗaya na kuza?

Ɗaliba daga Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a nan Jos, ina shirin jarrabawar WAEC, kuma wata tambaya ta darasin kemistiri ta hana ni sakat tun makon jiya. An ba mu ikweshin SnO₂ + 2C → Sn + 2CO, aka ce mu fitar da nauyin kabon (C, sinadarin gawayi) da ake buƙata don a tace kilo ɗaya na tsantsar kuza, wato SnO₂, a fitar da ƙarfenta, Sn. Da na ga lamba 2 a gaban C, sai na rubuta kilo 2, tunda ɗaya ne yake neman biyu. An soke amsata, aka rubuta giram 159 a gefe. Don Allah a fahimtar da ni inda na kauce. Kuma in kilo ɗaya na kuza ba zai ba da kilo ɗaya na ƙarfe ba, ina sauran nauyin yake tafiya?

Malamin kimiyya a Bukuru:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kuskurenki shi ne wanda kusan kowane ɗalibi yake fara yi, kuma gara da ya fito yanzu tun kafin ranar jarrabawa. Lambobin da ke gaban sinadarai a ikweshin ƙirga suke yi, ba awon nauyi ba. Ki tuna kasuwar Farin Gada: idan aka ce kowane kabeji ɗaya za a haɗa shi da tumatir biyu, ba wanda zai ce kilo ɗaya na kabeji yana neman kilo biyu na tumatir, domin kabeji guda ya fi tumatir guda nauyi nesa ba kusa ba. Haka ƙwayar SnO₂ take idan aka gwada ta da atom ɗin kabon.

Tunda atom ya yi ƙanƙantar da ba za a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya ba, sai aka yi masa mudu, wato mol, wanda ke ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne. Mol ɗaya na SnO₂ kuwa giram 150.7 ne, domin Sn yana da 118.7, oksijin biyu kuma suna da 32. Saboda haka abin da ikweshin ɗin ke faɗa shi ne giram 150.7 na kuza yana cin giram 24 na kabon. Ki raba giram 1000 da 150.7, za ki sami mol 6.64, ki ninka sau biyu, mol 13.27 na kabon ke nan. Ki ninka da 12, ga giram 159 ɗinki ya fito. Ki riƙe wannan hanya da kyau: daga giram zuwa mol, daga mol zuwa mol bisa lambobin ikweshin, sannan a koma giram.

Game da tambayarki ta biyu, nauyin bai ɓace ba, sama ya yi a matsayin iska. Abin da ya shiga shi ne 150.7 da 24, jimla 174.7. Abin da ya fito shi ne ƙarfe 118.7 da iskar CO giram 56, jimla 174.7. A kilo ɗaya ƙarfen zai kama giram 788. Abin da yake burge ni a nan shi ne, da wannan ƙarfe namu na kuza masanin kemistiri Lavoisier ya yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa a Faransa a 1774. Ya zafafa shi a cikin kwalba rufaffiya, ya auna kafin da bayan, ya tarar nauyin kwalbar da abin cikinta bai canza ba, sai da ya buɗe iska ta kutsa ciki sannan nauyin ya ƙaru.

Tsohon ma'aikacin kuza, Barkin Ladi:

Malam ya gama magana a kan lissafi, ni kuma zan ɗan ƙara abin da ido ya gani a wurin aiki, domin kada yarinyar nan ta ɗauka giram 788 ɗin yana zuwa hannu cif. Kuzar da ake wankowa daga ramukan Filato ba tsantsa ba ce. Tana zuwa da yashi da sauran ma'adinai, har da kolumbayit, kuma ko bayan an wanke an tsince sai an sami ragowa. Mu ɗauka, a misali kawai, cewa kashi 90 cikin ɗari na buhun ne SnO₂. To lissafin daga giram 900 zai fara, ƙarfen da za a sa rai kuma ya sauko zuwa wajen giram 709. Ko shi ma ba a samunsa duka, saboda wani ƙarfen yana maƙalewa a cikin dattin da ke tasowa saman narkakken. Shi ya sa ake zuba gawayi fiye da abin da lissafi ya nuna, domin gawayi araha ne, kuza kuwa tsada, kuma an fi so kuzar ce ta fara ƙarewa a cikin tanderu. A littafinku za ki ga ana kiran irin wannan sinadari mai fara ƙarewa da suna "sinadarin da ke iyakance abin da za a samu".

Ɗaliba daga Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Na sake yin lissafin da kaina kuma ya fito daidai. Amma a wani littafin na ga an rubuta SnO₂ + C → Sn + CO₂, inda kabon ɗaya ne kawai. Wanne zan bi?

Malamin kimiyya a Bukuru:

Dukansu biyu daidaitattu ne, ki ƙirga atom ɗin kowane gefe ki tabbatar. Bambancin yana ga iskar da ke fita, kuma a zafin tanderun narkar da kuza, wanda ke haura digiri 1000, CO ce ta fi samuwa. A jarrabawa ki bi ikweshin da aka ba ki, ki kuma yi amfani da nauyin atom da aka rubuta a ƙarƙashin tambayar ko da an taƙaita Sn zuwa 119. Idan na biyun aka bayar, kabon zai ragu zuwa rabi, kusan giram 80, amma ƙarfen yana nan a 788. Ki fitar da nauyin CO₂ da zai tashi daga kilo ɗayan nan, ki kawo amsar mu duba tare.